DOKA DA ADALCI: AL'AMARIN MANOMAN BAKOLORI

Mutane da yawa su kan ɗauka doka da adalci abu guda ne. Ba haka ba ne. Doka ita ce ƙa'idar da hukuma ta rubuta, ta ce kowa ya bi. Adalci kuwa shi ne a ba kowane mai hakki hakkinsa. Galibi tare su ke tafiya, amma wani lokaci su kan raba hanya, kuma sa'ad da su ka rabu, 'yancin talaka da zaman lafiyar ƙasa su ke shan wuya. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun ga wannan da idonsu.

Cikin shekarar 1974 aka soma gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ke lura. Niyyar Gwamnati ita ce a yi noman rani a fili mai hekta 23,000, watau kusan eka 57,000. Niyya ce ta alheri, ba mai musun wannan. Amma kafin ruwa ya kai gonar kowa, sai da tafkin ya ci gidaje da gonakin mutum wajen 13,000. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma aka karɓi gonakinsu don a baje su, a haƙa magudanai, aka sare itatuwan amfani, wasu su ka yi damina fiye da ɗaya ba su yi shuka ba. Can gaba, fadamun da ambaliya ta saba shayarwa kowace shekara su ka rage albarka.

To, a nan ne doka ta shigo. Tun zamanin Turawa, dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, dokar 1962 ta bi sawunta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya baki ɗaya: ƙasa amana ce a hannun Gwamnan Jiha, ya na da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyya kuwa ta amfanin gona ce da gini da wahalar da aka zuba, ba ta ƙasar kanta ba. Manomi bai san wannan lissafi ba. Abin da ya sani, gonar nan kakansa ya sare dajinta, ubansa ya gada, shi ma ya gada. Ba kuwa jahilci ba ne ya sa ya ke ganin haka, gama Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ya raya. Ashe dokoki biyu ne su ka yi karo a gona ɗaya, ta takarda da wadda ke zukatan mutane.

Manoma su ka yi ta kai kuka a kan diyyar da ta yi jinkiri, da wadda ta kasa, da gonakin da aka mayar ba ga masu su ba. Da su ka ga magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai su ka tare hanyoyi, su ka tsai da aikin kamfani. Lalle tare hanya saɓa doka ne. 'Yanci bai ba kowa izinin hana wani wucewa ba, in kuwa kowane mai ƙara zai yanke wa kansa hukunci, ba sauran hukuma ke nan. Sai dai mai karatu ya lura, mutanen nan ba da tare hanya su ka fara ba. Da roƙo su ka fara.

A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na Jihar Sakkwato, wadda ƙasar ke cikinta kafin a kafa Jihar Zamfara a 1996, 'yan sandan kwantar da tarzoma su ka shiga ƙauyukan, su ka buɗe wuta. Hukuma ta ce waɗanda su ka mutu ba su kai 30 ba, wasu masu bincike kuwa sun ce sun haura 380. Hanya ta buɗe, aiki ya ci gaba. Amma shirun da bindiga ta kawo daban ya ke da zaman lafiya, domin zaman lafiya sai da yardar waɗanda a ke mulka, yarda kuwa ba ta samuwa sai mutum ya tabbata akwai inda zai kai ƙara a saurare shi, ko da hukuma ce abokiyar shari'arsa.

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 44, ya ce ba za a karɓi dukiyar kowa da tilas ba sai bisa doka, a biya diyya ba da jinkiri ba, mai dukiya kuma ya na da ikon zuwa kotu in bai yarda da abin da aka ƙimanta masa ba. Dokar ƙasa ta 1978 ita ma ta na nan, an ɗaure ta cikin Tsarin Mulkin, ba ta sākuwa sai ta hanyar da a ke gyara shi.