Babi na Shida: Saƙo Ba Ya Ɓata, Layi Yake Bi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Birnin Gwari ya ji wannan magana: "An cire kuɗin, sabis ya cinye." Maganar tana ɓata min rai. Sabis ba ya cin ko kwabo! Abin da ke fita daga na'urar saƙo ne, an tsara shi bisa ƙa'idar ISO 8583, da gurbin lambar kati, da na adadin kuɗi, da na lokaci. Wasu guraben a cike, wasu babu su, kuma a goshin saƙon akwai alamar da ke faɗin waɗanda aka cike. Irin wannan shi ake kira bayani mai rabin tsari. JSON da XML ma dangi ne.

Ka dubi buhun masara da aka ɗora a mota daga Randagi. An rubuta sunan mai shi a jiki, wani an ƙara sunan dillali, wani ba a ƙara ba. Yaron mota yana karantawa ya san inda zai sauke kowanne.

Abin da ya fi burge ni shi ne layi. A 2011 kamfanin LinkedIn ya saki manhajar Kafka ga kowa. Hikimarta ita ce a rubuta kowane saƙo a jere, kamar littafin bashi na mai shago, ba a gogewa don an karanta. Na'urar da ta mutu, idan ta farfaɗo sai ta ɗora daga inda ta tsaya. Wajen sarrafa irin waɗannan saƙonni, akwai tsarin Lambda mai hanya biyu, ta gaggawa da ta lissafin tsanaki. A 2014 wani masani mai suna Jay Kreps ya ce hanya ɗaya ta isa, aka kira wannan tsarin Kappa.

Mu da muka ga katse layukan waya a sassan Kaduna a ƙarshen Satumban 2021 mun san darajar jira. Manhajar ODK, wadda ma'aikatan rigakafin shan-inna ke cike fom da ita, tana ajiye bayanin a waya har a samu sabis, sannan ta tura.

To, kuɗin mai POS fa? Idan amsa ba ta dawo ba, ana aika saƙon warwarewa don a mayar da su. Ka riƙe rasidinka, lambar da ke jikinsa da ita banki zai bi sawun saƙon.