Rama Da Buhun Algarara: Wane Taimako Manomi Ke Bukata Daga Gwamnati?

Da zarar an gama sussuka, abin da manomin Kurawa ke nema shi ne buhu. Gero na son buhu, dawa na son buhu, haka wake da albasa. Yawancin buhunan da ake sayarwa a kasuwannin Sabon Birni da Isa na roba ne. Amma dattawa ba su manta da algarara ba, wato buhun nan mai kauri, mai ruwan ƙasa, wanda ake shekara da shekaru ana aiki da shi. In ya yage a ɗinke da basilla, a ci gaba.

Har gobe fataken albasa sun fi son algarara. Dalili kuwa shi ne iska na ratsa shi. Albasa in ta yi gumi cikin buhun roba, kafin mota ta kai Legas ko Fatakwal ta fara ruɓewa. Sai dai algarara daga ƙasashen waje ake kawo shi, wani sabo, wani kuma an riga an yi aiki da shi. Duk lokacin da dala ta tashi, kuɗinsa ya tashi. Falke kuwa ba ya yarda ya yi hasara. Abin da ya ƙara wajen sayen buhu, daga kuɗin albasar manomi zai cire shi.

Da me ake yin algarara?

Mutane da yawa za su yi mamaki in sun ji. Da lalo ake yin sa. Lalon nan dai na miya. A ƙasashen Indiya da Bangaladash ana shuka shi a cunkushe, ba don ganye ba. Sai ya miƙe sambal, ya fi tsawon mutum nesa. Daga ɓawonsa ake fitar da zaren da ake saƙa buhu. Can ruwan sama ya ninka na ƙasar Gobir fiye da sau biyu, ga koguna da tafkuna ko'ina. A Sabon Birni da Isa damina gajera ce, daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma wajen milimita 600 ne. Saboda haka lalon buhu ba zai yi kyau a nan ba.

Amma akwai abin da ke maye gurbinsa, kuma kowa ya san shi: rama. Rama ba ta son ruwa da yawa kamar lalon buhu, zarenta kuma yana da ƙarfi. Ana saƙa buhu da shi zalla, ana kuma haɗa shi da na lalo. Mutanen Gobir ba baƙin rama ba ne. Mata na yin kwaɗonta da ƙuli-ƙuli. Maza na tuƙa igiyar guga da dabaibayi da igiyar ɗaurin jinka da ɓawonta. Abin da ba a saba ba shi ne noma ta gona guda domin sayar wa masana'anta.

An taɓa gwadawa

A zamanin gyaɗa Nijeriya ta sha sayen buhu. Gyaɗar ƙasar Sakkwato ta gabas takan bi ta Ƙauran Namoda, inda jirgin ƙasa ya iso a 1929. A Kano kuwa an yi ta gina dalar gyaɗa, kowace dala da dubban buhuna. Yawancinsu ba a nan aka saƙa su ba. Auduga da koko su ma haka. Hukumar sayen amfanin gona ce ke odar buhunan, ta raba wa wakilanta masu lasin.

Bayan samun mulkin kai a 1960, shugabanni suka ga kuɗin da ke fita ya yi yawa. Cikin shekarun 1960 aka kafa masana'antar buhu guda biyu, ɗaya a Jos, ɗaya a Badagiri kusa da Legas. Niyyar ita ce manoman ƙasa su noma rama, masana'antun su saya su saƙa.

Niyya ta yi kyau, amma an fara gini daga sama. An kawo injuna, an ɗauki ma'aikata, alhali ramar da za ta ciyar da injunan ba ta wadata ba. Manomi na samun kuɗi a gyaɗa da auduga, ya san mai saye, ya san farashi. Rama kuwa aikinta da wuya, kasuwarta ba tabbas. Dole masana'antun suka dogara da zaren da ake kawowa daga waje. Ke nan kuɗin da aka so a tare ya ci gaba da fita.

Daga nan abubuwa suka yi ta cin karo. Farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, dalar gyaɗa ta ɓace. Buhun roba ya shigo, ga araha ga rashin nauyi. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne manyan masu sayen algarara. Masana'antun biyu duk sun daɗe da tsayawa. Ma'aikatansu suka watse, kowa ya kama gabansa.

Bincike dai bai tsaya ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta yi aiki a kan rama. Wata cibiyar da ke Ibadan ta fitar da irin rama na zare, kamar Ifeken 100 da Ifeken 400. A 1987 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken kayan da masana'antu ke bukata, ita ma ta sha kira da a koma noman rama. Iri na nan, ilmi na nan. Mai saye ne babu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman lalon buhu. Gwamnatinta ta riƙe sana'ar da abu biyu. Na farko, kowace shekara tana faɗin farashi mafi ƙanƙanta tun kafin manomi ya kai kayansa kasuwa. In 'yan kasuwa suka karya farashi, akwai kamfanin gwamnati da aka kafa a 1971 wanda zai saya a kan kuɗin da aka faɗa. Na biyu, a 1987 aka yi doka cewa wasu kaya dole a zuba su cikin algarara. Hatsin da gwamnati ke saye don raba wa talakawa yana cikinsu, da wani kashi na sukari. Da wannan doka masana'anta ta san za a sayi buhunta, manomi ya san za a sayi zarensa. Iyalan manoma wajen miliyan 4 ne ke ci daga wannan sana'a, ban da ma'aikatan masana'antu fiye da 300,000.

Bangaladash ta bi wata hanya, ta kuma sha wuya. Bayan ta sami 'yanci a 1971, gwamnati ta karɓe masana'antun buhu a 1972 ta ce ita za ta gudanar da su. Injuna suka tsufa ba a sake ba. Akan makara wajen sayen zare, sai bayan ya bar hannun manomi ya koma hannun dillalai ya yi tsada. Bashi ya yi ta hawa. A 2002 aka rufe masana'antar Adamjee, wadda a da babu kamarta a duniya wajen girma. A watan Yuli na 2020 aka rufe sauran guda 25 na gwamnati, aka sallami ma'aikata wajen 25,000. Amma noman bai mutu ba, domin akwai masana'antun 'yan kasuwa, kuma tun 2010 ƙasar ta yi tata dokar zuba shinkafa da alkama da masara da taki cikin algarara.

Wanda ya dubi ƙasashen nan biyu, ya kuma tuna Jos da Badagiri, zai ga abu guda. Inda gwamnati ta tabbatar da farashi da kasuwa, sana'a ta rayu. Inda ta tsaya ga mallakar gini da injuna, ma'aikata ne suka fara shan wahala.

Aikin rama ba na rago ba ne

Ya kamata manomi ya san abin da zai shiga. Ramar ganye dabam, ramar zare dabam. Ta ganye ana barinta ta yi rassa, ana tsinka ana miya. Ta zare kuwa kusa da kusa ake shuka ta, don kada ta sami wurin yin reshe. Ba a tsinkar kanta. Bayan wata 3 zuwa 4, da ta fara fure, sai a yanke. In aka bari ta yi 'ya'ya, zaren ya yi gautsi, farashinsa ya faɗi.

Bayan yanka sai a ɗaure dami-dami, a bari kwana kaɗan ganye ya kaɗe. Sannan a kai ruwa a jiƙa, a danne da duwatsu ko itace har ruwa ya rufe shi. Ba a dannewa da laka, don tana sa zare ya yi baƙi. Jiƙon kan ɗauki kamar mako 2, wani lokaci ya fi haka in ruwan da sanyi. Nan ne gwaninta take. In aka cire da wuri, ɓawo ba zai saki kara ba. In aka makara, zare ya ruɓe. Bayan nan a saɓule, a wanke cikin ruwa mai kyau, a shanya. Mutum zai wuni tsaye cikin ruwa mai wari. Abin da zai samu kuma bai kai yadda yake zato ba: ɗanyar rama mai nauyin buhu 20 zarenta busasshe bai wuce nauyin buhu 1 ba.

Karan da ya rage ba a zubar da shi. Yana hura wuta, ana kuma yin danga da shi.

Ruwan jiƙo shi ne babbar matsala a wannan yanki. Gulbin Rima da fadamunsa na da ruwa a ƙarshen damina, daidai lokacin yankan rama. Amma ruwan da aka jiƙa rama a ciki yana ɓaci. Ba ya shawuwa, yana kuma kashe kifi. Tafkin da mutane ke ɗiba, ko wanda shanu ke sha, ba wurin jiƙo ba ne. Garin da ya yi sakaci da wannan, zai sayi rigima tsakanin manoma da makiyaya da masunta. Akwai kuma maganar tsaro. A shekarun 2020 da 2021 'yan bindiga sun kai hare-hare masu muni a ƙauyukan Sabon Birni da Isa, mutane da yawa suka bar gonakinsu na nesa. Aikin da ke bukatar mutum ya yi kwanaki yana zirga-zirga zuwa fadama ba zai yiwu ba sai hanya ta yi lafiya.

To, wane taimako ne na gaske?

Taimakon da ya fi kowane shi ne mai saye tabbatacce, da farashin da aka faɗa tun kafin shuka, da wurin awo kusa, kamar a Sabon Birni ko Isa. Rama ba gero ba ce. Gero in bai sayu ba, iyali su ci. Zaren rama in bai sayu ba, sai dai a tuƙa igiya, kuma igiya nawa gari guda zai saya?

Gwamnati na da hanyar buɗe kasuwar da kanta, domin ita ma mai sayen buhu ce. Tana sayen hatsi don ajiya, tana raba iri da kayan agaji. In ta ce kashi kaza na wannan kaya sai a buhun da aka saƙa da ramar gida, masu kuɗi za su kafa masana'anta ba sai an roƙe su ba. Masu fitar da koko da kashu su ma da algarara suke aiki, kuma daga waje suke sayowa.

Sai iri mai kyau da ya iso a kan lokaci, kafin ruwan shuka, da malamin gona wanda ya iya jiƙo da hannunsa. Sai ramukan jiƙo da aka gina dabam da ruwan sha. Akwai kuma ƙaramin injin da ke saɓule ɓawo daga ɗanyen kara tun a gona. In an yi haka ɓawon kawai za a jiƙa, ruwa kaɗan ya isa. Injin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar gama-kai ba.

Bashi shi ne na ƙarshe, ko da yake shi aka fi yi wa shela. Manoman wannan yanki sun ga shirin bashin noman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Wasu sun amfana. Wasu kuwa kayan sun zo musu a makare, ko ambaliya ta cinye gonar, bashi ya rage a wuyansu. Bashin noman abin da ba shi da kasuwa ya fi wannan haɗari.

Ma'aikatan masana'anta su ma a tuna da su tun farko. Aikin saƙa buhu akwai ƙura mai shiga ƙirji, akwai ƙarar inji. Suna bukatar abin rufe hanci, da albashi a kan kari, da ajiyar kuɗin sallama da ba za a taɓa ba ko masana'anta ta faɗi.

Kada kuma a ɗauka algarara ya fi roba a kowane wuri. Wake, alal misali, ƙwari na shiga algarara su ci son ransu. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, shi ya fi dacewa da wake, ba sai an zuba magani ba. Algarara na albasa ne, da gyaɗa, da irin shuka, da duk abin da gumi ke ɓatawa.

Kafin a ba rama gona

In wani ya zo Kurawa da takardu yana cewa a noma rama za a saya, akwai tambayoyin da ya kamata a yi masa a gaban hakimi ko mai gari. Wa zai saya? Nawa ne kilo? A ina za a auna, kuma wa zai biya kuɗin mota? Zare yake so, ko ɓawo, ko iri? Hannu da hannu za a biya, ko sai an kai birni an dawo? Amsar ta zama a rubuce, da sa hannu, wanda ya iya karatu cikin ƙungiya ya karanta wa saura kafin kowa ya dangwala.

Ko an sami amsa mai daɗi, shekarar farko ta gwaji ce. Kunya 10 ko 20 a gefen gona sun isa mutum ya koyi lokacin yanka da kwanakin jiƙo, ya kuma auna abin da ya samu. Gonar gero ta zauna yadda take.