Kafin A Sauke Inji, A Duba Baƙin Mai

Masu ƙananan motoci a Bulkachuwa, cikin ƙasar Katagum, sun san wannan fitila mai ruwan ɗorawa da ke kunnuwa a gaban direba, mota ta rage ƙarfi, ta ƙara shan fetur. Sau da yawa sai bakanike ya cire kan batir don fitilar ta mutu, alhali kuwa cutar tana nan.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin motoci hanya guda ta bayyana matsalarsu ga kwamfuta, shi ya sa 'yan Kwatano ke nuna lamba idan aka jona musu na'ura a Azare. A Toyota Corolla mai injin VVT-i akan ga P1349, a wasu motocin kuwa P0011. Duka biyun na nufin sandar da ke buɗe bawul ta saɓa lokacinta.

Abin lura shi ne, ƙarfin baƙin mai ne ke daidaita lokacin wannan sanda. In man ya yi ƙasa, ko ya yi kauri da dauɗa, sai aikin ya cije. Sabo da haka ƙwararre yakan fara da auna mai, ya wanke 'yar matatar da ke gaban makunnin mai na lantarki, sa'an nan ya ba makunnin wuta. In inji ya yi gargada ko ya mutu, makunnin lafiya yake.

Juye a kan kari, da irin man da kamfani ya rubuta, ya fi sauke inji araha nesa ba kusa ba.