Fitilar Inji Ta Kama a Tsohuwar Mota: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Yawancin motocin da ke bin titunanmu sun sha aiki a Amurka ko Turai kafin su iso ta Legas ko Kwatano. A cikin da yawa daga cikinsu, 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji a kunne take dare da rana. Wani ya liƙe ta da salatif, wani ya sa rewaya ya cire ƙwan. Alhali duk sanda ta kama, kwamfutar motar ta adana wata lamba da ke nuna inda damuwar take, kuma karanta lambar bai fi ƙarfin mai mota ba.

Daga ina lambar take fitowa?

Motar da ke aiki da nozul tana da kwamfuta mai karɓar rahoto daga sensoshi: zafin ruwan inji, yawan iskar da ke shiga, matsayin totur, da iskar oksijin da ta rage a hayaƙin salansa. Da waɗannan take auna man da za ta fesa. Idan wani rahoto ya fita daga iyakar da aka tsara, sai ta adana lamba ta kunna fitila. Motar kafireto zalla, irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba ta da wannan tsari, kunne da idon bakanike ne kawai.

Fara da sanin zamanin motarka

Daga 1996 Amurka ta wajabta tsari guda, OBD-II, ga duk motocin da ake sayarwa a can. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu dizal. Alamarsa soket ne mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Kafin nan kowane kamfani da nasa soket da nasa lambobi. Shi ya sa lamba 12 a Toyota ke nufin siginar juyawar inji ta ɓace, a Honda kuwa tana nufin bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji. Karanta lambar wata mota da jadawalin wata shi ne kuskure na farko.

Ƙirga ƙiftawar fitila

A tsofaffin Toyota, kamar Corolla da Camry na farkon shekarun 1990, akwai ɗan akwati a cikin bonet da aka rubuta DIAGNOSIS a kansa, taswirar ramukan tana cikin murfin. A kashe mota, a haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli har fitilu su kama, amma kada a tayar da inji. Idan fitilar tana ƙiftawa da sauri ba tsayawa, babu lambar da aka adana. Idan ta ƙifta sau biyu, ta dakata daƙiƙa ɗaya da rabi, ta sake ƙiftawa sau biyu, lambar 22 ce, wato layin sensar zafin ruwa. Lamba 21 ta sensar oksijin ce, 25 mai ya yi ƙaranci a cakuɗa, 26 ya yi yawa, 41 kuma sensar totur.

A Honda na wannan zamani, soket ne mai rami biyu a ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja, shi ma a haɗa ramukansa da waya. Doguwar ƙiftawa goma ce, gajeruwa ɗaya. Doguwa ɗaya da gajeru huɗu 14 ke nan, bawul mai daidaita silo.

A kula sosai: haɗa ramin da ba shi ba yana iya ƙona kwamfutar. Wanda bai ga rubutun ramukan sarai ba, ya bar wa rewaya.

Idan motar OBD-II ce

Nan ana buƙatar na'ura. Akwai ƙanana masu araha irin ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth. Lambar harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwa tsakanin kwamfutoci. Mai farawa da P0 ma'anarta ɗaya a kowace mota, mai farawa da P1 kuwa ta kamfani ce. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta, P0171 iska ta rinjayi mai, P0420 kuma matatar hayaƙi, wadda makanikai ke ce wa indomi, ta gaza.

Lamba ba umarnin sayen kaya ba ce

Nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Lambar kamar majinyaci ce da ya nuna inda yake masa ciwo, sai likita ya duba kafin ya rubuta magani. P0171 na iya fitowa daga tsagaggen tiyon iska, ko sensar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko famfon mai da ya raunana. P0301 na iya zama filogi, ko koyil, ko nozul. Bakanike mai basira zai sauya koyil ɗin silinda ta ɗaya da na ta biyu. Idan lambar ta koma P0302, an kama mai laifi ba tare da an sayi komai ba. A motar da ta haura shekara ashirin, waya da ta bushe da soket mai tsatsa sun cancanci dubawa tun kafin a zargi sensa.

Wasu lambobin ma hannunmu ne ke jawo su. Cire tamostat don gudun zafin rana yana hana inji kaiwa zafin aikinsa, sai kwamfuta ta riƙa ƙara mai, P0128 ta fito, kuɗin fetur ya hau. Fasa indomi kuwa yakan haifar da P0420.

Yaushe za a tsaya?

Idan fitilar a tsaye take kuma motar na tafiya daidai, ana iya ƙarasawa gida a duba a cikin 'yan kwanaki. Idan tana ƙiftawa ana cikin tafiya, wutar inji na tsallakewa sosai, ɗanyen mai na shiga salansa yana dafa matatar hayaƙi. A rage gudu, a nemi wurin tsayawa.

Gogewa da sayen mota

Cire kan batir ko fiyus ɗin EFI na kwamfutar inji yakan goge lamba, amma bai gyara komai ba, ya dai ɓatar da shaidar da bakanike zai yi aiki da ita. A rubuta lambar tukuna, a yi gyara, sannan a goge, a yi tafiyar 'yan kwanaki a ga ko za ta dawo.

Mai sayen tsohuwar mota kuma ya murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Dole fitilar ta kama, ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, ko ƙwan ya mutu ko an cire shi, sai a sa na'ura a ji abin da kwamfutar ta adana kafin a yi ciniki.