'Yarki Mai Son Lissafi Za Ta Iya Sauraron Taurari, Har a Biya Ta Albashi

A Gurbin Bore, idan aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da dare, uwa takan nuna wa yara Kaza da 'Ya'yanta a sama, ga rediyo a gefe tana ba da labarai. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, sararin samaniya ma yana aiko da igiyoyin rediyo, wasunsu a zango ɗaya da tashoshinmu na FM. Akwai masanan da aikinsu ke nan: su kafa eriya, su kama waɗannan igiyoyi, su gano abin da ido ba ya gani.

Wannan fage ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1965 wani ɗan Najeriya, Samuel Okoye, ya kammala digirin digirgir a kansa a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Shi da malaminsa Antony Hewish sun gano wani ɗan wuri mai aiko da igiyoyi masu ƙarfi a cikin ɓurɓushin tauraron da aka ga fashewarsa a 1054. A 1967 kuma wata ɗalibar Hewish, Jocelyn Bell, tana da shekara 24, ta gano wani sabon nau'in tauraro mai aiko da sigina kamar bugun zuciya. Dukansu ɗalibai ne a lokacin.

Yau ƙofar ta ƙara faɗi. Ƙasar Holan tana da LOFAR, tarin eriyoyin da suka bazu zuwa wasu ƙasashen Turai. A yammacin Ostireliya kuma ana gina SKA-Low, mai eriya 131,072. Bayanan da suke tarawa suna buƙatar matasa masu lissafi da sanin kwamfuta. A Holan, mai digirin digirgir ma'aikaci ne: shekara 4 yana bincike, ana biyan sa albashi duk wata.

To ina mafarin hanyar? Ajin kimiyya a SS1. Daga nan sai sakamako mai kyau a lissafi, fiziks da Turanci, sannan digirin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Digiri na biyu ana iya yin sa a Nsukka, inda aka daɗe ana koyar da ilimin taurari.

Gaskiya tafiyar ta fi shekara 10, ga rashin tsaron da ya sha rufe makarantu a Zurmi, Shinkafi da Kauran Namoda. Amma sau da yawa a gida ake yanke ta, ranar da aka ce wa yarinya kimiyya ta maza ce.

Don haka uwa, idan malami ya ce 'yarki tana da kan lissafi, ki tsaya mata. Idan makarantar garin ta tsaya, a nemi dangi a Gusau ta ci gaba. Idan maganar aure ta taso, a sa karatun cikin sharaɗi tun kafin a karɓi sadaki. Allah ya raya mana su.