Gidan da Ke Jin Magana: Gaskiya da Ƙarya Kan Na'urar Sarrafa Kayan Gida

Duk wanda ya gina gida a 'yan shekarun nan, ko ya zauna da masu wayarin, ya ji labarin makunnin da ake kunnawa da waya, da ƙwan lantarkin da ke kama kansa idan magariba ta yi, da injin jawo ruwa da ke tsayawa da zarar tanki ya cika. Kayan sun shigo kasuwa, surutu ma ya biyo su. Mai sayarwa yana cewa jonawa kawai za ka yi ka kwanta. Maƙwabci yana cewa ka kai sirrin gidanka kasuwa. Kowanne ya riƙe ɓangaren gaskiya, ya cika sauran da zato.

Kafin a tankaɗe maganganun, a san cewa abubuwa uku ne ke haɗuwa. Akwai kayan aikin kansu: ƙwai, soket, makunni, da 'yan na'urorin da ke jin motsi ko buɗewar ƙofa. Akwai rauta, wadda ke raba Wi-Fi tana haɗa komai. Sai ta ukun, na'urar sarrafawa, wadda ita ce uwargidan tafiyar: ita ke riƙe da ƙa'idojin da ka gindaya, tana raba wa kowa aikinsa. Cikin sanannu akwai SmartThings na Samsung, da Hubitat, da Home Assistant, manhajar kyauta da wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya fara a 2013, wadda mutane da yawa ke ɗorawa a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Yawancin jita-jitar da ke yawo, a kan zaman wannan uwargida da rauta suke.

"Da data ta ƙare, komai ya tsaya"

Rabi gaskiya ne. Intanet daban, sadarwar cikin gida daban. Ko data ta ƙare ƙaf, rauta tana ci gaba da haɗa wayarka da kayan da ke ƙarƙashin rufinka. Abin tambaya shi ne, a ina umarnin ke bi?

Da yawa daga cikin soket da ƙwai masu araha, idan ka danna waya, saƙon sai ya fita gidan, ya je wata babbar kwamfutar kamfani a wata ƙasa, sannan ya dawo ga ƙwan da ke saman kanka. Irin waɗannan, ba intanet, ba aiki. Amma idan ƙa'idojin suna zaune a cikin na'urar sarrafawa da ke ɗakinka, kuma kayan suna jin maganarta kai tsaye, fitila za ta kama ko da an yi wata ba a sayi data ba. Abin da za ka rasa kawai shi ne sarrafawa daga nesa.

Dogaro da kamfani yana da wani haɗarin da ya wuce na data. A 2016 kamfanin Nest ya kashe hidimar na'urar Revolv, wadda aka riƙa sayarwa kimanin dala 300, ta zama kwalin banza a hannun masu ita. A watan Afrilun 2022 kuma kamfanin Insteon na Amurka ya rufe kwamfutocinsa ba sallama, manhajar masu amfani da shi ta daina aiki, sai bayan makonni wasu daga cikinsu suka haɗu suka saye kamfanin suka tayar da shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Batun shan data kuwa, makunni da soket 'yan gajerun saƙonni suke aikawa, ba su kai hoto ɗaya na WhatsApp ba. Kyamarar da ke tura bidiyo waje dare da rana, ita ce mai cin kuɗin.

"Jona ta kawai, za ta saita kanta"

Ƙarya ce, kuma ita ce ta fi jawo ciwon kai. Duk abin da ya hau rauta ana ba shi lamba, irin 192.168.1.20, wadda ita ce adireshinsa a cikin gida. Sai dai rauta aro take bayarwa. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, tana iya sake rabo, lambar na'urarka ta faɗa hannun talabijin. Sai ka wayi gari waya tana ƙwanƙwasa ƙofar da mai ɗakin ya tashi, ka ɗauka na'ura ce ta lalace. Maganin bai fi minti biyar ba: ka shiga saitin rauta, wajen da aka rubuta DHCP, ka keɓe wa na'urar sarrafawa lamba ɗaya ta dindindin.

Abu na biyu, a haɗa ta da rauta da kebul, kada a bar ta a kan Wi-Fi. Wadda kowa ke jiran umarninta bai kamata muryarta ta riƙa yankewa ba.

Na uku shi ne wanda ke sa mutane mayar da kaya shago suna cewa jabu ne. Rautocin zamani suna watsa Wi-Fi a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Yawancin soket da ƙwai na farkon kawai suke ji, domin ya fi ratsa bango kuma kayan haɗa shi sun fi araha. Idan rauta ta haɗe zangon biyu da suna ɗaya, sau da yawa haɗawar farko takan ƙi. Ka raba musu suna, ko ka kashe na 5 GHz na ɗan lokaci, ka gama haɗawa ka mayar. Haka kuma idan wayarka tana kan Wi-Fi ɗin baƙi, ba za ta ga na'urar ba, domin an yi shi ne musamman don kada baƙo ya leƙa ciki.

"Sai ka buɗe ƙofa a rauta kafin ka sarrafa gida daga nesa"

Ƙarya ce mai haɗari. Kowane adireshi yana da ƙofofi 65,535, kuma rauta takan rufe su ga duk mai zuwa daga waje. Home Assistant, alal misali, a ƙofa ta 8123 yake amsawa. Wasu masu haɗawa sukan buɗe wannan ƙofa ga duniya don maigida ya riƙa shiga daga ofis. Matsalar ita ce ƙofar ba ta san maigida ba. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, zagaya intanet suna taɓa kowace ƙofa, har akwai shafi mai suna Shodan da ke jera na'urorin da aka samu a buɗe.

Ga kuma abin da mai haɗawar ba lallai ya gaya maka ba: idan rautarka ta layin waya ce, galibi kamfanin sadarwa ya haɗa ku da yawa a kan adireshin waje guda, don haka ko ka buɗe ƙofar ba za ta kai ka ko'ina ba. Hanyar da ta fi ita ce VPN, wato ɓoyayyar hanya tsakanin wayarka da gidanka wadda sai mai mabuɗi ke bi. Tailscale yana aiki ko a kan layin waya, masu Home Assistant kuma suna da hidimar biya ta kamfanin Nabu Casa. A cikin rauta akwai wani saiti, UPnP, da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa. In ba ka da buƙatarsa, kashe shi.

"Ni wane ne da za a yi mini kutse?"

Wannan ma ƙarya ce, domin masu kutsen ba sunanka suke nema ba. Ranar 21 ga Oktoban 2016, mutane da dama a Amurka da Turai suka kasa shiga Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka na sa'o'i. An yi wa kamfanin Dyn, wanda shafukan suka dogara da shi, rubdugu ne da wata muguwar manhaja mai suna Mirai, kuma mayaƙanta kyamarori ne da rautocin gidajen talakawa. Dabararta ba ta da zurfi: tana ɗauke da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sakowa daga masana'anta, irin su "admin" da "12345", tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Masu kayan ba su ma san an ɗauke su soja ba.

Sai dai masu cewa duk wanda ya saka waɗannan kaya ya miƙa wa ɓarayi mabuɗi, su ma sun zarce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Canza kalmar sirrin da rauta da na'ura suka zo da ita. Kunna tantancewa mai mataki biyu. Riƙa sabunta manhajarsu idan an fitar da gyara. Baƙi kuma a ba su nasu Wi-Fi ɗin.

"Suna sauraron hirar gida"

Ya danganta da abin da ka shigo da shi. Makunni da soket da ƙwai na yau da kullum ba su da makirfo, ba su da kunnen ji. Amma sifikar da ake ba wa umarni da baki, dole kunnenta ya kasance a buɗe tana jiran a kira sunanta, kuma takan yi kuskure ta ɗauki abin da ba da ita ake ba. A 2019 kafar Bloomberg ta bayyana cewa akwai ma'aikatan Amazon da ke sauraron wasu muryoyin da Alexa, manhajar sifikar kamfanin, ta naɗa don inganta ta. A 2023 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 25 a Amurka kan zargin riƙe muryoyin yara fiye da ƙa'ida.

Ko makunnin da ba ya ji, idan ta kamfani yake bi, yana ba da labarin lokacin da kake kwanciya da lokacin da gida ba kowa. A al'adar da baƙo namiji ke tsayawa a zaure, bai dace a ce kyamarar da ke tura hoto wata ƙasa ta wuce har tsakar gida ba. Kyamara ta fuskanci ƙofa da katanga, abin da ta ɗauka kuma ya zauna a cikin gida.

"Duk kayan suna jituwa, kuma na Amurka sun fi"

Ƙarya ce. Kayan nan harsuna daban-daban suke yi. Wasu Wi-Fi, wasu Zigbee, wasu Z-Wave, kuma na'urar sarrafawa sai tana da kunnen jin harshen, ko a soka mata shi ta USB. An fitar da tsarin Matter a 2022, da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, don a samu harshe ɗaya, amma tsofaffin kaya da yawa ba su iya shi ba.

Tsarabar Amurka kuwa, a yi hattara. Wutarsu volt 120 ce, tamu 230. Z-Wave ɗinsu a zangon 908 MHz yake, na Turai a 868, ba sa jin juna. Makunnai da yawa kuma suna buƙatar wayar nutural, alhali a gidaje da dama layif kawai aka saukar cikin akwatin makunni. Tambayi mai wayarin kafin ka biya kuɗi. Duba kuma ƙarfin soket: mai amp 10 iyakarsa kusan wat 2,300, mai amp 16 kusan wat 3,600. Esi da injin rijiyar burtsatse suna fizgar wuta da ƙarfi wajen tashi, don haka a sa musu kontakta, wato na'urar da ke ɗaukar nauyin wutar, soket ɗin ya riƙa ba ta umarni kawai.

"Ba za ta yi ba a inda ake ɗauke wuta"

Akwai ƙamshin gaskiya, amma matsala ce mai magani. Raspberry Pi ba ta kai ƙwan lantarki biyu na zamani shan wuta ba. Abin da ke cutar da ita shi ne yankewar wuta ba zato, domin in ta zo daidai lokacin da take rubutu a memori, memorin na iya lalacewa, aikin watanni ya bi ruwa. Ita da rauta a ɗora su a kan inbata ko ƙaramin batirin ajiya, a kuma riƙa kwafe saitin ana adanawa a wani wuri.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da sai an zauna da kayan ake ganewa. Ƙwai da yawa, in wuta ta dawo, kamawa suke yi da cikakken haske, ko da ƙarfe biyun dare ne. A saitinsu akan sami wurin zaɓar su koma yadda suke kafin a ɗauke. Kayan Zigbee kuma miƙa wa juna saƙo suke yi, amma masu jone da wuta ne kawai ke miƙawa, masu batiri ba sa yi. Idan soket ɗin da ke tsakiya ya mutu, na'urar da ke ƙofar gida ta yi nisa da uwargida ke nan. A sa masu miƙa saƙon a layin inbata.

Kafin ka sallami mai haɗawa

Duk maganganun nan wuri ɗaya suke komawa: a hannun wa ragamar gidan take? Kada a buɗe asusun da imel ɗin mai haɗawa, ya tafi da shi a aljihu. A buɗe da naka, ka canza kalmar sirri bayan ya gama, ka rubuta lambar da aka keɓe wa na'urar ka ajiye.

Sannan ka yi gwaji uku yana tsaye. Cire layin intanet daga rauta, ka kunna fitila da waya. Kashe wutar gidan gaba ɗaya ka mayar, ka ga ko komai ya dawo ba tare da an taɓa shi ba. Na ƙarshe, kashe na'urar sarrafawar kanta, ka roƙi Hajiya, wadda ba ruwanta da manhaja, ta danna makunnin bango da hannunta. In fitila ta kama, biya shi kuɗinsa. In ba ta kama ba, da sauran aiki.