Ɗan Dambe da Abokin Gwajinsa

Idan kaka ta yi a ƙasar Rano da Kibiya, aka kai dawa da gero rumbu, samari kan sami sararin da damina ta hana su. Tun zamanin da wannan ne lokacin dambe da kokawa a ƙasar Hausa, lokacin da mahauta ke ɗaukar masu kalangu su bi gari-gari neman wanda zai tare su. Yau kuma ga waya a hannun kowa. Yaro a Rurum ko Tarai yana kallon damben da aka yi jiya a Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano, ya ga an kashe wani kwaf ɗaya, sai ya tashi ya cika buhu da yashi, ya rataye a bishiya, ya kama naushi.

Buhun yana da amfaninsa, yana ƙarfafa damtse da wuyan hannu. Sai dai buhu ba ya kaucewa, ba ya ramawa, ba ya yaudara. Duk wanda ya kalli dambe da idon basira ya san yawancin turmi ba naushi ake yi ba. Tsayuwa ake yi, garkuwa a miƙe gaba, hannun da aka naɗe da zare a ɗane baya, kowa yana karanta ɗan'uwansa: ina ya ɗora nauyinsa, kafaɗarsa ta motsa ko ba ta motsa ba, taku nawa ne tsakani. Naushin da ke kisa ƙiftawar ido ne, amma lissafin da ya haife shi ba a koyonsa sai a gaban mutum mai rai. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Shi ya sa wanda saurayi ke gwaji da shi kullum ya fi buhu da gudun safe tasiri a kan irin ɗan damben da zai zama.

A nan ne da yawa ke yin kuskure. Saurayi mai ƙarfi a unguwa yakan tara ƙannensa da abokan da ya fi, kullum yana buge su, ana yi masa kirari. Abin da bai sani ba shi ne, kowace rana yana koyon mugun hali. Yana sauke garkuwa ba a hukunta shi ba. Yana ɗaga kafaɗa kafin ya saki hannu, wato yana sanar da naushinsa, amma babu mai idon da zai gani. Yana kai duka ya tsaya kallon aikinsa maimakon ya koma tsayuwarsa. Jiki kuwa abin da ya saba shi yake yi idan ta yi zafi. Ranar da aka sa masa zare da wanda ya san fage, a gaban jama'a, ranar zai biya bashin duk waɗannan kurakurai, kuma sau da yawa ba ya kai turmi na biyu.

Akasin haka ma ɓarna ce. A jefa sabon shiga gaban ƙasurgumin da ba ya tausasa hannu, wai don ya yi tauri, ba abin da zai koya sai rufe ido da ja da baya. Wasu daga nan suke barin wasan, wasu kuma su ci gaba da tsoro a ciki, irin tsoron da kiɗa ba ya cirewa.

Wanda ake nema shi ne wanda ya fi ka, amma yake iya mallakar hannunsa. Zai bar maka ƙofa ya ga ko za ka gan ta. Idan ka sauke garkuwa zai taɓa ka daidai yadda za ka ji, ba yadda za ka faɗi ba, sannan ya tsaya ya ce maka, "Ka ga inda na shigo?" Wannan aiki ne mai wuya, kuma a ganina ya fi kisa a fage nuna gwaninta. 'Yan dambe sun daɗe da sanin haka. Dubi sunayen da suke ɗauka: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Ɗan dambe yana jingina kansa ga maigidan da ya rene shi a wasan, kuma masu kallo kan gane gidan da yaro ya fito daga tsayuwarsa. Ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada da Jamus ma suna wannan aiki, domin a cikinsu ƙarami yake samun manyan da zai goga da su.

A damben zamani akwai misali sananne. Larry Holmes ya yi shekaru yana abokin gwajin Muhammad Ali a farkon shekarun 1970, ana biyansa don ya sha naushi ya kuma mayar. A 1978 ya zama zakaran duniya na masu nauyi, a 1980 kuma ya doke maigidan nasa. Kafin shi, Jimmy Ellis, wani abokin gwajin Ali, ya riƙe kambu a 1968. Ali ya amfana da samun gwanaye a sansaninsa, su kuma sun fita da ilimin da ba a sayarwa.

Abokin gwaji ɗaya, komai ƙwarewarsa, ba ya isa. Idan ka saba da mutum za ka haddace shi, ka koma dambe da halinsa kaɗai. Wanda bai taɓa tsayawa da bahago ba zai rikice ranar farko, don naushin yana fitowa ta inda bai saba tsaro ba. Dogo yana da nasa darasi, gajere mai kutsowa yana da nasa, haka mai sa ƙafa. Tsakanin Rano da Kibiya da Bunkure ba wata tafiya ba ce. Samarin gari biyu ko uku za su iya haɗuwa ranar kasuwa su yi musayar abokan gwaji, ƙarƙashin idon wani tsohon ɗan dambe.

Sai batun kai, wanda ba a cika son ji ba. Naushin da ɗan dambe ke sha a wajen gwaji ya fi wanda yake sha a fage yawa, tunda gwaji kusan kullum ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Stirling ta Birtaniya sun auna 'yan damben da suka yi gwaji na turmi uku, suka ga bayan awa ɗaya ƙwaƙwalwarsu ta ɗan ragu wajen tuna abu da sarrafa jiki, kafin ta dawo daidai washegari. Abin tsoron shi ne maimaita wannan shekara da shekaru. Abokin gwajin da bai iya ba ya fi gwani haɗari a nan, domin bai san awon hannunsa ba, kuma da ya ji zafi sai ya mai da wasa faɗa.

Don haka, samari, kada a naɗa zare mai tauri ranar gwaji. A sa tsumma mai laushi ko safar dambe. Wanda ya sha duka a ka har ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ya dakata a kai shi asibiti, kada a zuga shi ya koma. Ku kuma iyayen gidan wasa da kuka ajiye zare, ku riƙa leƙa inda yaran nan ke gwaji, ku haɗa kowa da wanda ya dace da shi.